Hita ko ruwan hana daskarewa: wanda zai kare tsohon injin jirgin ruwa a hunturu

Malam, tsakanin hitar ɗakin inji da ruwan hana daskarewa da ka tambaya, ruwan za ka saya, kuma ka gama aikin kafin ƙarshen Oktoba, domin a nan jihar Mishigan ta Amurka sanyin da ke fasa inji ba ya sallama kafin ya shigo. Tsohon inji irin naka da nawa ba shi da lagireto. Ruwan tafki yake zuƙa kai tsaye, ya zagaya cikin bulok, wato gangar jikin injin, ya fita ta salansa, kuma idan an kashe shi sauran ruwan yana nan kwance a ciki. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ƙarfen zubi kuwa ba ya miƙewa, sai dai ya tsage.

Jirgina yana da injin MerCruiser mai lita 5.7 da silinda takwas, wanda ya girmi babban ɗana. A shekarar da na saye shi, wani dattijo maƙwabcina a gaɓar tafkin Huron ya durƙusa tare da ni a ɗakin injin, muka kwance notocin tsiyaya na gefe biyu na bulok da na bakin salansa biyu. Ɗaya daga cikin ramukan ya ƙi ɗigo ko kaɗan, har na ɗauka babu ruwa a wurin, amma sai ya zura guntuwar waya, tsatsa ta zubo kamar dusa, ruwa ya biyo bayanta yana ta kwarara cikin bokiti. Da mun bar wannan ramin yadda yake, da ba a kai Janairu ba bulok ɗin ya tsage. Bayan ruwan ya gama tsiyayewa muka mayar da notocin, muka cire tiyon da ke wajen tamostat, wato na'urar daidaita zafin inji, muka ɗura ruwan hana daskarewa har ya cika. Da Mayu ta kama na zaro sandar awon baƙin mai na same shi garau, injin kuma ya tashi ba gardama, kuma tun daga lokacin haka nake yi kowace kaka. Kada ka ɗura ruwan kafin ka tsiyaye bulok, domin ruwan tafkin da ya rage zai tsinka shi ya rage masa ƙarfi.

Hita kuwa na saya sau ɗaya, na yi da-na-sani. Tana da amfani a 'yan dararen farko na sanyi idan jirgin yana kan ruwa, amma ranta yana hannun wutar lantarki, kuma daren da guguwar ƙanƙara ta fi tsanani shi ne daren da ake ɗauke wuta, kamar yadda mutanen jihar Teksas suka gani a Fabrairun 2021. Hitar ɗaki ta gida kuwa kada ta kusanci injin fetur, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa maka. Lambar 50 ƙasa da sifiri da ake bugawa a jikin galan mai launin ruwan hoda ma'aunin Farenhait ce, kuma tana nufin sanyin da zai fasa bututu ne, alhali ruwan yana fara kauri tun nesa kafin a kai can, saboda haka mai lamba 100 ya fi dacewa da inji. Wasu masu kanti za su miƙa maka mai arha da aka haɗa da giyar itanol don bututun ruwan motar da ake zama a cikinta kamar gida, su rantse maka duk ɗaya ne, alhali yana busar da roba. Ka karanta jikin galan da kanka, ka tabbata furofilin gilaikol ne mai maganin tsatsa. Na lagireton mota guba ne ga kifi da dabbobi, bai kamata ya zuba a tafki ba. Haka nan idan wani ya kawo maka tsohon inji da bazara yana ƙyalli da sabon fenti, ka shafa gefen bulok ɗin da hannu, domin akwai masu liƙe tsaga da gam su shafe ta da fenti, sannan ka duba baƙin man. Idan ya yi kama da shayi da madara, ruwa ya riga ya shiga.

Kafin ka tsiyaye ruwan, ka juye baƙin mai da matatarsa yayin da injin ke da ɗumi, ka zuba maganin hana fetur lalacewa a tanki, ka bar injin ya yi aiki na wasu mintuna don maganin ya isa kafireta. Daga ƙarshe ka cire robar famfon ruwa, domin fukafukanta suna lanƙwashewa idan ta shafe watanni a matse wuri ɗaya, ka kai batir cikin gida inda za ka riƙa yi masa caji.