Rage ƙarar ampilin jita a gida ba tare da kashe muryarsa ba

Duk mai kaɗa jita a Damagaram ya san wannan matsala: ampili (na'urar ƙara sautin jita) mai ƙwan fitila, wato wanda ke ƙara sauti da ƙwayayen gilashi masu kama da na fitila, ba ya fitar da zaƙin muryarsa sai an buɗe shi sosai, alhali a Birni ko Zango katanga ɗaya ce tsakanin mutum da maƙwabcinsa, kuma da bazara jama'a a tsakar gida suke kwana.

Sayen ƙaramin ampili ba ya raba gardama, domin a kunne wat 5 rabin ƙarar wat 50 ne kawai. Na'urar sawa a kunne tana hana mutum jin bugun lasifika a jikinsa. Ampilin Boss Katana 50, mai maɓallin rage ƙarfi zuwa wat 0.5, ya wadatar da ɗan koyo, amma ba shi da ƙwan fitila.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne akwatin rage ƙarfi, wanda ake haɗawa tsakanin ampili da lasifika. Ampilin yana aiki da dukkan ƙarfinsa, akwatin ya shanye mafi yawan ƙarfin ya mayar da shi zafi, kaɗan ne ke isa lasifika. Torpedo Captor na kamfanin Two Notes na Faransa yana ɗaukar wat 100, yana kuma rage desibel 20 (ma'aunin ƙarar sauti), wato wat 50 ya koma rabin wat. Yana kwaikwayon yadda lasifika ke amsa wuta, shi ya sa murya ba ta dushewa kamar yadda take yi a akwatuna masu araha. Sai dai ƙwayayen fitila za su fi saurin tsufa, kuma a watan Afrilu wajibi ne a bar wa akwatin iska.

A yi hattara da jabu, domin ni ya taɓa ƙona ni. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini akwati da aka rubuta wat 100 a jikinsa, ban kwana uku da shi ba na ji ƙaurin roba, taransifomar ampilina ta tafi. Da mai gyaran rediyo ya kwance shi, wayar ciki siririya ce kamar zare, ta narke ta bar ampilin babu abin da ke shanye ƙarfinsa, wanda shi ne ajalin ampili mai fitila. Kada a biya ko dala sai an gwada minti 15 a gaban mai sayarwa, an taɓa jikin akwatin, an kuma tabbatar lambar om ɗinsa (ma'aunin turjiyar wuta), 4 ko 8 ko 16, ta yi daidai da wadda ke bayan ampili. Wanda ya hana a gwada, a mayar masa da kayansa.