Taragon lantarki na katako a ma'aunin HO: abin da mai saye a Bauchi zai tarar a kwalin

Wannan kwali ba kayan wasan yara ba ne. Wanda ya saye shi da nufin ya buɗe ya ɗora a kan dogo ya ga yana gudu, kuɗinsa ya tafi a banza. Abin da ke ciki siraran katakai ne da waya da takardar zane, mutum ne zai yanka ya haɗa da hannunsa har su zama ƙaramin samfurin tarago irin wanda Amurkawa ke kira interurban, wato taragon fasinja mai tuƙa kansa da wutar lantarki tsakanin gari da gari, ba tare da kan jirgi ya ja shi ba. Ƙananan kamfanoni ne a Amurka ke yin irin wannan kwali, kuma ta intanet ake odarsa. A ganinmu ya dace da malaman makarantun koyon sana'a, da ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da kafinta mai haƙuri da kaifin ido. Dalili kuwa, yadda ake haɗa shi kusan haka aka ƙera na ainihin, kuma inda yake ba da wahala nan ne na ainihin ma ya ba masu shi wahala.

Dogonmu da ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, bai taɓa ganin wayar lantarki a samansa ba, don haka yawancinmu ba mu san wannan tarago ba. A Amurka kuwa, bayan injiniya Frank Sprague ya nuna a birnin Richmond a 1888 cewa lantarki na iya jan tarago, aka yi ta shimfiɗa irin waɗannan layuka, musamman a jihohin Ohayo da Indiyana, har tsawonsu ya haura mil 15,000 wajen 1916. Kamfanonin Niles da Jewett da Cincinnati da St. Louis da Brill su ne manyan maƙera. Wanda ke cikin kwalin nan samfurin na katako ne na wajen 1905 zuwa 1910, mai tagogi masu baka a sama da rufi mai hawa biyu.

Ma'aunin HO ɗaya ne cikin 87. Tarago mai tsawon mita 17 yana komawa kimanin santimita 19 da rabi, faɗinsa kuma santimita 3 da 'yan kai. Tazarar dogon milimita 16.5 ce, wadda ke wakiltar milimita 1,435, ba 1,067 irin ta tsohon layinmu ba. A kwalin akwai katakon daɓe, da na rufi wanda aka fafe tsakiyarsa aka bar bakunan biyu ɗanye, da fallayen bango masu zane-zanen tsaye da kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, da sandunan tagogi, da roba mai kama da gilashi, da 'yan ƙananan kayan ƙarfe na zubi irin su tankin iska da matakala. Katakon fari ne mai laushi, yana yankuwa da reza ba ya tsagewa, kuma an yanka shi daidai. A nan ba mu da ƙorafi.

Ƙorafin yana kan abin da babu. Babu bogi (ƙarfen da ke riƙe ƙafafu a ƙarƙashin tarago), babu ƙafafu, babu moto (injin lantarkin da ke juya ƙafafun), babu sandar jan wuta, babu fenti. Waɗannan daban ake sayensu, kuma in aka haɗa su da kuɗin aiko da kaya da na kwastan sukan zarce kuɗin kwalin kansa. A yi odarsu lokaci ɗaya, kada a biya kuɗin jirgi sau biyu. Takardar bayani ma an rubuta ta ne don wanda ya saba, da inci take magana, zanen kuma ba ya nuna ƙasan taragon sosai. Kafin a taɓa reza a mayar da kowane awo zuwa milimita, a rubuta a jikin zanen da fensir.

Aiki na farko, wanda takardar ba ta ambata ba domin ba a Bauchi aka rubuta ta ba, shi ne toshe katakon. Fallen bango in ya sha laimar damina yana kumbura, in iskar hunturu ta buga shi yana ƙanƙancewa ya lanƙwashe. A shafa masa sila da aka tsinka da tina, rabi da rabi, gaba da baya, sau biyu, ana bi da sanfefa mai lamba 400 a tsakani. Wanda ya shafa fuska ɗaya kaɗai, kafin wayewar gari zai tarar da fallen ya naɗe. A bar shi ya bushe a kwance tsakanin gilashi biyu da ɗan nauyi a kai. Gam kuma farin gam na kafintoci ya isa, ana ɗibarsa da tsinken sakace. Sufa gulu a bar shi wa ƙarfe. In ya kusanci robar tagogi tururinsa na mayar da ita fari fat, kuma babu gyara sai canji.

Ƙasan taragon ne ya fi koyar da mutum. Na ainihin a kan dogayen katakai yake zaune daga baki zuwa baki, bogi biyu kaɗai ke ɗauke da shi, tsakiyarsa kuwa a sake take, ga nauyin injin iskar birki da tankuna da akwatunan rage wuta duk rataye a wurin. Don kada ya lotsa, sai aka ɗaure shi da rodi daga wannan baki zuwa wancan, rodin ya bi ta ƙarƙashin wasu gajerun turaku biyu, da noti mai zare biyu a tsakiya. Aikinsa irin na tsirkiyar baka ne: in aka ɗaure notin, cikin taragon ya ɗaga. Tsohon tarago da aka daina kula da notinsa, daga nesa za ka ga cikinsa ya sauka, ƙofofi sun daina rufuwa. A samfurin waya ce ta tagulla mai kaurin rabin milimita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja ta da ƙarfi kamar ta gaske, sai daɓen ya gantsare, bango ya ƙi zama. A lanƙwasa ta da filaya daidai da zanen, a sa ta ba ja. A kuma gwada juyin bogi kafin a manna turakun, domin in sun matso waje da milimita biyu kawai, ƙafa za ta riƙa gogarsu a kwana, taragon ya yi ta sauka daga dogo ba a gane dalili ba.

Tagogi aikin haƙuri ne kawai. A yi ɗan ma'auni da guntun katako don tazarar kowace taga ta zo ɗaya, kada a dogara da ido.

Rufi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Bakunan biyu sai an sassaƙa su da hannu su gangaro su yi kwana ta fuska biyu a lokaci guda. A yanko kwali mai siffar bakin daga zanen, a riƙa gwadawa, ana cin katakon kaɗan-kaɗan da sanfefa mai lamba 120, sannan 240. Reza a nan haɗari ce, tana bin jijiyar katako ta ɗebe fiye da abin da aka nufa. Na ainihin katako ne aka lulluɓe da tamfol aka yi ta shafa masa fenti, kuma ta nan mutuwarsa ke farawa: tamfol ya tsage, ruwa ya bi ginshiƙan tagogi ya sauka kan katakon ƙasa ya ruɓar da shi daga ciki. Don a kwaikwayi tamfol ɗin, a shimfiɗa falle ɗaya na tishu a kan ɗanyen fenti, a danna da buroshi mai laushi.

Na ainihin volt 600 yake sha daga wayar sama ta sanda mai ɗan gargare a kai, wutar ta ratsa moto huɗu, ɗaya a kan kowace sandar da ke haɗa ƙafafu biyu, ta koma ta dogo. Samfurin volt 12 ne. Shawararmu a fara da ba shi wuta ta dogayen biyu, a bar sandar ta zama ado, domin ɗaura wayar sama aiki ne mai zaman kansa. Kada a sayo na'urar sarrafa gudu ta Amurka: ta volt 120 ce, wutarmu 230 ce, sa ta a soket ɗaya ya isa ya ƙone ta. Adafta mai volt 12 da amfiya ɗaya ko biyu, da ɗan allon rage gudu, da makunni mai ƙafa shida don juya gaba da baya, duk ana samunsu wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Hantsaki da ƙarfen like da dalma kuwa, irin na masu gyaran waya su ne daidai. Taragon katako ba shi da nauyi, sai an manna masa dalma a daɓe har ya kai wajen giram 135, in ba haka ba ƙafafun ba sa kama wuta sosai. Da hunturu a riƙa goge dogo da ƙyalle da ɗan sifirit, a kuma rufe taragon cikin akwati. Ƙura da man da ya yi yawa a giya su ne ke kashe moto.

Wanda ya gama haɗa jikin ya riƙe shi a tafin hannu zai gane dalilin da ya sa aka bar katako. A haɗarin Kingsland na jihar Indiyana a 1910, taragu biyu suka yi taho-mu-gama, ɗaya ya haye daɓen ɗayan ya kutsa cikinsa, sama da mutum 40 suka rasu. Daga shekarun 1910 aka koma ƙarfe, daga baya kuma aka nemi marar nauyi. Kamfanin Cincinnati ya ƙera wa layin Cincinnati da Lake Erie guda 20 masu jikin alminiyom, waɗanda a 1930 aka yi tseren talla tsakanin ɗayansu da jirgin sama. Duk da haka mota da kwalta da karayar tattalin arzikin 1929 suka cinye layukan. Na katako yawanci cinna musu wuta ake yi a kwashe ƙarfe da tagulla, aikin 'yan gwangwan sak. Wasu kuma a cire musu bogi a sayar da gangar jikin, ta zama gida ko shagon abinci ko akurkin kaji. Jajayen taragun Pacific Electric na Los Anjeles an jibge su kan juna a filin 'yan gwangwan, wasu aka sayar wa Ajantina, layinsu na ƙarshe ya tsaya a 1961.

Abin lura, waɗanda aka mayar gidaje su suka fi tsira, domin an yi musu rufi na biyu an ɗaga su daga ƙasa. Wani tarago mai suna Narcissus, wanda kamfanin Laconia ya ƙera a 1912, wanda tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya hau a 1914, bayan layinsa ya mutu a 1933 gidan hutu ya zama a jihar Maine, sai a 1969 gidan adana taragu na Seashore ya karɓe shi. Gidan adana jiragen ƙasa na Illinois ma don ceton tarago ɗaya aka kafa shi a 1953, mai lamba 65 na layin Indiyana. Layin South Shore daga Shikago zuwa South Bend yana aiki har yau.

Ga malamin da kuɗinsa bai kai na bogi da moto ba, kwalin kaɗai ma ya biya, a haɗa jikin a ɗora shi kan 'yan tubala kamar yadda aka yi wa na ainihin. Kwali ɗaya ya ishi ɗalibai uku ko huɗu, muddin aka kwafi zanen aka ba kowa ya fara gwada sassaƙar rufi a kan guntun farin katako kafin a taɓa na cikin kwalin, domin shi guda ɗaya tak ake sakowa. A ajiye shi nesa da bangon ƙasa saboda gara.