Yadin salwar kamiz na ƙunshi a kasuwannin Delhi: yana isar ɗinki kuwa?

A shagunan yadi na Chandni Chowk da Lajpat Nagar a Delhi, kayan da suka fi cika kanta su ne ƙunshin salwar kamiz, wato wando da riga irin na matan Indiya, mai kashi uku: yadin riga, yadin wando da gyale, an riga an haɗa launinsu. Yawanci na riga mita 2.5 ne, na wando mita 2 zuwa 2.5, gyalen kuma mita 2.25 zuwa 2.5. Ga mace matsakaiciya mai son riga miƙaƙƙiya iya gwiwa da wando marar yawan tattara, kaya ne masu kyau, sun kuma raba ta da wahalar neman launin da zai hau da wani.

Da mita ake aunawa a Indiya. Mita inci 39 ce da ɗoriya, yadinmu kuwa inci 36, don haka mita 2.5 ta kusa yadi uku ba kwata.

Inda ƙunshin yake gazawa shi ne tsawon riga da hannu. Lissafin tela ba shi da wuya: tsawon riga sau biyu, a ƙara tsawon hannu, a ƙara santimita 15 na kalmasa da ɗinki. Rigar santimita 110 mai dogon hannu na santimita 55 za ta ci mita 2.9. Mita 2.5 ba za ta kai ba, sai in mai rigar siririya ce har hannayen su fita daga gefen yadin. Mai son sutura har wuyan hannu ta kula da wannan tun a shago. Adon wuyan riga ma yana ɗaure tela, domin an riga an zaunar da shi a wuri ɗaya, ba ya matsawa. 

Faɗi ne abin da masu saye suka fi mantawa. Lissafin nan duka na yadi mai faɗin inci 44 ne. In aka samu mai inci 36, a ƙara aƙalla rabin mita. A sa tef a auna da kai kafin a biya.

Yadin wandon ya isa salwar, wato wando mai yalwa, ta yau da kullum. Churidar, wando mai matse ƙafa, a karkace ake yanka shi don ya lafe a ƙwauri, yana son mita 2.5 cif. Wandon Patiala mai tarin tattara kuwa sai mita 3.5 zuwa 4, doguwar rigar anarkali mai baza kuma mita 5 zuwa sama. Waɗannan biyun daga bandir za a yanko su, ƙunshi ba zai yi ba.

Yadi mai shara-shara irin shifon yana buƙatar shafi kamar mita 2.5, kuma ba kowane ƙunshi ne ke zuwa da shi ba. Na auduga a jiƙa shi ya bushe kafin a kai wa tela, don mita 2.5 tana iya raguwa da kusan santimita 10. A jiƙa kowane kashi daban, saboda wando mai duhun launi yakan zuba ya ɓata farar riga.