Dizal, Lantarki ko Haɗin Biyu: Ra'ayin Fasinjan Jirgin Ƙasa a Legas

Tun da jirgin Red Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, shi nake hawa daga Agege zuwa Oyingbo, idan kuma harka ta kai ni wajen 'yan'uwanmu na Alaba Rago, nakan bi ta Marina in hau Blue Line zuwa Mile 2. Red Line da dizal yake tafiya, Blue Line kuma da lantarki, kuma duk wanda ya saba hawa biyun zai ji bambancin a kunnensa da jikinsa kafin wani ya yi masa bayani. Wannan bambanci ne ya sa na mai da hankali kan sababbin kawunan jirgi masu haɗa injin dizal da batir, waɗanda ake ta maganarsu a duniya, domin in auna ko sun dace da irin jigilar da muke bukata a nan.

Blue Line ya fara aiki a watan Satumba na 2023 a kan kilomita 13, kuma a makonninsa na farko kan jirgi mai dizal ne ke jan sa kafin a sakar masa wuta. Yau idan ya tashi daga tasha ba ka jin gurnani ko fizga, sai dai ka ga dandamali yana ja da baya, kuma cikin ɗan lokaci ya kai cikakken gudunsa. Mutum yana iya amsa waya a bakin dandamali ba tare da ɗaga murya ba, ba ya kuma shaƙar hayaƙi yayin jira. A wajena wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a gwada kowane jirgin cikin gari da shi.

Red Line kuwa ya yi mana rana ƙwarai, kuma duk wanda ya san yadda cunkoson Oshodi da Ikeja ke cinye safiyar mutum a cikin motar haya ta danfo ba zai raina shi ba. Kujerun suna da daɗi, ana biya da katin Cowry, wato katin biyan kuɗin sufuri na Legas, ba tare da cinikin kuɗin mota da kwandasta ba, kuma mutum yana isa wurin aiki da sauran ƙarfinsa. Abin da na lura da shi ba laifin masu gudanar da jirgin ba ne, halin injin dizal ne a ko'ina yake: yana ci gaba da ruri ko da jirgi na tsaye, yana ƙona mai alhali ba a motsa ba, kuma lokacin tashi ne ya fi ƙara da hayaƙi, wato daidai inda jama'a suka fi taruwa. Layin yana da tashoshi 8 a cikin kilomita 27, daga Agbado zuwa Oyingbo, ke nan tsakanin tasha da tasha bai kai kilomita 4 ba idan aka raba daidai. Jirgi bai gama ɗaukar gudu ba sai ya fara taka birki, kuma a nan ne asarar take.

Mutane da yawa ba su san cewa yawancin manyan kawunan jirgi na dizal da lantarki suke juya ƙafafunsu ba. Injin yana juya janareta, janareta ya ba da wuta ga na'urorin lantarki da ke jikin ƙafafun, su kuma su ja taragai. Idan direba ya so rage gudu, waɗannan na'urori suna iya komawa su zama masu samar da wuta, amma da yake babu inda za a ajiye ta, sai a ƙona ta ta zama zafi iska ta kwashe. Kan jirgi mai haɗin biyu yana ɗauke da babban batir wanda ke karɓar wannan wuta, ya adana ta, sannan ya mayar da ita lokacin tashi. Mu mazauna Legas mun san wannan dabara a gidajenmu, domin gidan da ya haɗa janareta da inbata ba ya barin janareta yana ta kuka don kunna fitila da fanka kawai. Haka jirgin yake kashe injinsa a tasha, batir ya riƙe fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, ya tashi da jirgin shiru, injin ya kama bayan an fita daga cikin mutane.

Wannan ba mafarki ba ne. Tun a 2007 kamfanin JR East na Japan ya fara ɗaukar fasinja da jirgin KiHa E200 mai injin dizal da batir a layin Koumi. A Italiya kuma akwai jiragen Blues da kamfanin Hitachi ya ƙera, masu amfani da wayar lantarki inda akwai ta, da dizal inda babu, da batir wajen shiga tasha da fita, kuma kamfanin ya ce suna rage shan mai da kusan rabi idan aka kwatanta da tsofaffin jiragen dizal. Ko da an rage wani abu daga wannan ikirari, tunda mai kaya ba ya kushe kayansa, abin da ya saura ba ƙarami ba ne a ƙasar da dizal ba shi da tallafi, kuma tsadarsa ce ke komawa kan kuɗin tikitin talaka.

Wani zai ce me zai hana a sa wa Red Line lantarki kawai a huta. Ni ma da son samu ne haka na fi so, sai dai layin yana bin hanya ɗaya da dogon Legas zuwa Ibadan na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, inda jiragen nesa da na kaya ke wucewa, don haka ba aiki ne da jiha za ta yanke ita kaɗai ba. Ga kuma batun rai. Blue Line yana ɗaukar wuta ne daga wani ƙarfe na uku da ke shimfiɗe a gefen dogo, abin da ke bukatar katanga mai tsauri, alhali duk wanda ya san Agege da Mushin ya san yadda kasuwa da gidaje suka matso bakin layi, da yadda mutane suka saba tsallakawa tun zamanin iyayenmu. Kafin a kai ga kafa turaku da wayoyi a sama, da samun wutar da ba ta ɗaukewa, za a ɗauki shekaru, kuma jirgi mai batir zai iya fara aiki a kan dogon da ke akwai ba tare da jiran komai ba.

A tafiyar nesa hukuncina ya bambanta. Na hau jirgin Ibadan daga tashar Mobolaji Johnson ta Ebute Metta zuwa Moniya, tafiyar kilomita 157 a layin da aka buɗe a 2021, kuma bayan an fita daga Legas jirgin yana daɗewa a gudu ɗaya ba tare da taka birki ba. Inda babu yawan tsayawa, babu wutar da batir zai tara, sai ya zama nauyi kawai ake ja. A gwajin da kamfanin Wabtec ya yi da jiragen kaya na kamfanin jirgin ƙasa na BNSF a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2021, inda aka haɗa kai mai batir da kawunan dizal, man da aka rage ya kai kashi 11 cikin 100. Riba ce, amma ba wadda za ta sa a ajiye kawunan da ke da sauran ƙarfi a sayo sababbi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kada a ji sunan haɗin biyu a ɗauka kowane iri ya dace da fasinja. Da yawa daga cikin waɗannan kawuna an ƙera su ne domin jera taragai a filin tasha da tashoshin ruwa, kamar HD300 na Japan, aikin da ke bukatar ƙarfin ja a hankali da doguwar tsayuwa. Irin wannan zai yi kyau a tashar ruwa ta Apapa, amma ba zai iya jigilar ma'aikata da safe ba. Jirgin fasinja yana bukatar saurin tashi domin a kiyaye jadawali, yana kuma bukatar wuta mai yawa ga taragai, domin a zafin Legas tarago cike da mutane ba ya zaunuwa idan sanyi ya ɗauke ko na 'yan mintoci ne. Idan batir bai isa ya riƙe wannan a tasha ba, dole injin ya ci gaba da aiki, kuma an rasa babban dalilin sayen jirgin.

Zafi ma abokin gabar batir ne, yana rage masa kwana, ga kuma danshi da iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe da wayoyi. Jirgin da aka gwada a sanyin Turai sai an ƙarfafa masa na'urar sanyaya batir kafin ya jure wa yanayinmu. Batir kuma ba ya kaiwa tsawon rayuwar jirgin, dole a sauya shi da kuɗin waje kafin jirgin ya tsufa, don haka ya kamata farashin sauyin ya shiga cikin yarjejeniya tun ranar saye, tare da kayan gyara da horar da makanikai da masu aikin lantarki na gida, waɗanda za su riƙa kula da injin da batir da kwamfutar da ke raba aiki tsakaninsu a nan Legas.