Sharhi kan gunkin huhu na roba domin koyar da yaɗuwar sankara

Na sayi wannan gunkin huhu a wani shagon kayan asibiti domin in nuna wa ɗalibaina na aikin jinya yadda sankarar huhu take bazuwa, kuma ya biya mini buƙata. Abin da ya fi burge ni shi ne jijiyar jinin da aka tsaga gida biyu, inda ake ganin ƙwayar sankara tana birgima a jikin bango, saboda sinadarin selektin, wani furotin mai maƙalewa da ke jikin bangon jijiyar, yana yi wa sukarin da ke fatarta riƙon sako-sako, kafin wani furotin mai riƙo da ƙarfi da ake kira intagrin ya kafe ta, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ta fice. Wata ɗaliba ta bi sawun ƙwayar da yatsa har sau uku, sannan ta ce yanzu ta gane yadda cutar take kaiwa ƙwaƙwalwa, ƙashi da hanta.

Abin da ya dame ni shi ne ba a nuna ƙwayoyin daskarar da jini ba, alhali su ne suke lulluɓe ƙwayar sankara su ɓoye ta daga garkuwar jiki. Takardar bayanin ma da Turanci kaɗai aka rubuta ta.