Gadar Kebek da tsatsarta

Ƴan uwa na Yamai, ina gaisuwa. Kun dame ni da tambayar sanyin Kanada da kuɗin haya. Waɗannan ku bar su, ba su da magani.

Ran Lahadi na taka gadar Kebek da ƙafa, tsohuwar gadar ƙarfen nan da ke kan kogin San Loran. Ina tsakiya sai ga jirgin ƙasa. Ƙarfe ya ɗauki rawa har cikin haƙorana, na ƙanƙame wani sanda ina salati, wata tsohuwa kuwa ta wuce tana tura kekenta, ko a jikinta. Da na saki sandan, tafin hannuna ya yi ja da tsatsa. Tsatsa fa, a ƙasar Nasara!

Amma aiki kam an yi shi. Sandunan ƙarfe ne aka harɗa kusurwa uku-uku, kowane na tallafe ɗan uwansa. Ba walda ba ce: ƙusa ake gasawa ta yi ja wur, a zura ta a rami, a dake kanta, in ta huce ta matse. Mita 549 tsakanin ginshiƙai biyu, babu abin da ya taɓa ruwa. Kuma da jini aka same ta. A 1907 ta rufta da ma'aikata, 75 suka mutu, don an ƙara mata tsawo ba a sake lissafin nauyi ba, babban injiniyan kuma yana zaune can Niyok. A 1916 ana ɗaga tsakiyarta ta suɓuce, mutum 13 suka tafi. Ba su fasa ba, suka gama a 1917.

Tsatsar kuwa, shekaru aka kwashe ana ja-in-ja kan wa zai biya fenti, sai a 2024 gwamnatin tarayya ta karɓi gadar. Ashe su ma suna da halinmu. Sai dai su ana gardama jirgi na wucewa. Mu fa? An yi kiɗa, an yanke ƙyalle, an shimfiɗa dogo har Doso, wa ya taɓa zuwa biki da shi? Kuma mu faɗi gaskiya, da wannan ƙarfe a gida yake babu mai gadi, da tuni rabinsa ya kwana a kasuwar Katako.

Duk da haka gadar ba ta da rai. Babu mai gaishe ka, babu mai tallan ruwa, sai iska mai yankan kunne. Gara mini cunkoson gadar Kennedy ta Yamai da la'asar. Wanda ya bi ta tashar jirgin, don Allah ya ɗauko mini hoton dogon in ga yadda ya koma.