Gwajin Yini Ɗaya Ko Rahoton Mai Jirgi?

Mujallun jiragen ruwa masu inji na Ingila, irin su Motor Boat & Yachting, sukan gwada sabon jirgi cikin yini ɗaya, galibi ba kaya, mutum biyu ko uku a ciki. Sai a jero maka gudunsa da litar man da yake sha a awa. Yana da amfani, amma ganin amarya ne ranar buɗar kai.

Wanda ya shekara da jirginsa kuwa, shi zai gaya maka inda gishirin teku ya fara cin ƙarfe, nawa bakanike ya karɓa, da ko hannu na kaiwa ga filtar mai ba sai an ciro kujera ba. Ni dai nasa nake fara karantawa, ko da hotunan sun yi dishi-dishi.